Allon Baba Ban-Gani-Ba

A gandun dajin, kowa Ban-Gani-Ba yake ce masa. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi. Duk baƙon da ya tambaye shi ko akwai dabba kaza a dajin, in dai bai yi arba da ita ko da sawunta ba a kwanakin, amsarsa ɗaya ce: "Ban gani ba." Ba zai ce akwai ba, ba zai ce babu ba. Da furfura ta cinye masa kai sai aka ƙara masa Baba a gaba, har matarsa in ta so tsokanarsa haka take kiransa.

Ɗan maharbi ne. Ubansa ne ya koya masa karatun ƙasa: yadda ake bambanta sawun jiya da na ɗazu, yadda bakin sawu ke zubewa in rana ta doke shi, yadda kashin ɓauna ke yin ɓawo a sama alhali cikinsa da sauran ɗumi. Da hukuma ta killace dajin ta hana farauta, uban ya rataye kwari da baka a bayan ƙofa, bai ƙara taɓa su ba har ya koma ga Allah. Ɗan kuwa aka ba shi kaki da hula da takalmi, aka ce ya riƙa yi wa baƙi jagora. Aji huɗu ya yi a makaranta. Rubutunsa manya-manya ne, duk sun karkata gefe guda kamar dawar da iska ta kwantar.

Shekara talatin da ɗaya aikinsa bai sauya ba. Gari na wayewa zai hau kekensa ya zaga mashigin ƙorama, da tafkin tsamiya, da gindin dutse, da bakin fadama. Ƙarfe bakwai ya dawo ƙofar shiga, inda wani baƙin allo ke rataye a jikin ɗakin mai gadi. Sai ya ciro alli daga aljihun gaba ya rubuta abin da idonsa ya gani. "Gwanki 6, tafki. Ɓauna, sawu kawai, sun yi gabas. Birai ba su ƙirguwa, ku rufe gilashi. Mashigi ruwa iya gwiwa, ƙaramar mota kada ta gwada."

Ba wanda ya sa shi wannan aikin. Allon ma ba na hukuma ba ne, murfin kabad ɗin matarsa ne da ya cire a shekarar aurensu, ya shafa masa baƙin fenti, ya ce aro ya yi na mako guda. Har yau kabad ɗin a buɗe yake, da ɗan labule a gaba.

Rabon da ya rubuta zaki a allon nan shekara goma sha huɗu ke nan. Giwaye suna ratsowa sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan ɗaukewar ruwa, su yi kwana uku su wuce. Raƙumin dawa na ƙarshe kuwa, wata tsohuwar mace ce, shi da kansa ya tsinci gawarta a gindin gawo shekara tara da suka wuce. Ranar bai rubuta komai ba, ya bar allon baƙi ƙirin.

Ana nan aka kawo sabon manaja, matashi mai fara'a, mai guga a riga, wanda ba ya rabo da kwamfuta. Ya zo da mai ɗaukar hoto, aka tsayar da Baba a gaban wata bishiyar kuka, aka ce ya nuna nesa da yatsa, ya yi murmushi. Ya nuna, amma murmushin bai samu ba. Bayan wata uku mota ta sauke kwalaye a ofis, manaja ya aika a kira shi.

"Baba, ka zama ɗan gari," in ji manaja, ya miƙo masa wani ɗan littafi mai sheƙi. "Jagorar iyali ke nan. Dabbobi, tsaunuka, tarihi, yanayi, duk a ciki. An rarraba a makarantu da tashoshin mota. Duba bangon."

Ga shi kuwa a bangon, yana nuna abin da babu. A ƙarƙashin hoton an rubuta da jan rubutu: "Baba zai nuna muku su duka."

Ya zauna a bakin kujera ya buɗe, ya dinga bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Shafin farko ya ce a zo da iyali a kowane wata na shekara, daji a shirye yake. Shafi na biyu ga zakuna kishingiɗe a inuwa, ga raƙuman dawa biyar sun jera wuya. Bishiyoyin da ke bayansu ma bai taɓa ganin irinsu ba. Shafi na uku ya kira dutsen da sunan Fadar Sarakuna Bakwai. Da ya kai shafi na huɗu yatsan ya tsaya cak. Hoton tafkin tsamiya ne, an rubuta cewa ruwa ne mai sanyi da yara za su sa ƙafa su huta.

"Yallaɓai, wa ya rubuta wannan?"

"Wani ƙwararre ne a birni. Aikinsa ke nan."

"Ya taɓa zuwa nan?"

"Ba sai ya zo ba, mun aika masa bayanai."

"Bayanan wa? Ni dai ba a tambaye ni ba." Ya dangwala yatsa a kan hoton. "Tafkin nan kadoji huɗu ne a ciki, babban ya fi teburin nan naka tsawo. Yara su sa ƙafa? Ƙafar ɗan wa? Kowane wata na shekara! A tsakiyar damina gamba ta fi motarka tsayi, ko giwa ce a gabanka ba ka ganinta, mashigi kuma ya cinye tarakta ina kallo. Zakunan nan na wace ƙasa ne? Sarakunan nan bakwai, a ina aka binne su, in je in gaishe su?"

Manaja ya yi dariya, irin wadda ake yi wa tsoho. "Baba, talla ce. Kowa ya san talla sai da ɗan gishiri."

"To ku sa gishirinku a kan fuskarku. Don me za ku ɗora a kan tawa?"

Ya fita bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi wa na gaba da shi ba. A gida ya tarar da matarsa tana shanya, ya wurga littafin a kan tabarma. Ta ɗauka, ta nisanta shi da idonta, ta ƙura wa bangon ido.

"Kai, malam, ashe kana da kyau haka? Shekara talatin ana ɓoye mini."

"Ba wasa nake ba."

"Na ga alama, ga jijiyar wuyanka nan ta miƙe. Me ka nuna da yatsan?"

"Ba komai! Bayan ofis ne, inda ake zubar da shara."

Ta yi dariya har ta dafa igiyar shanya. Amma da ya karanta mata shafin tafkin sai dariyar ta ɗauke. Jikokinsu uku ne, ƙaramar ba ta ganin ruwa ta ƙyale. Ta ajiye littafin a hankali, ta ce, "Wannan kam rashin imani ne."

Makonni biyu da suka biyo baya, Baba ya sha zagin da bai sha ba a duk shekarun aikinsa. Mutane su taho da littafi a hannu, su tsaya gaban allo su karanta gwanki da birai, su dubi bango, su dubi fuskarsa. Wani ya ce masa ɗan damfara. Wata ta ce tsofai-tsofai da shi bai ji kunya ba. Shi dai sai ya haɗiye, ya ce su shiga mota a tafi. Da dare abinci ba ya wuce masa.

Ranar Alhamis manaja ya sake kiransa. Wannan karon babu fara'a.

"Baba, allonka ne ke kawo mana rigima. Littafi ya faɗi wani abu, allo ya faɗi wani abu dabam. Jibi Asabar an ba da hutun makaranta, iyalai za su cika wurin nan. Daga ranar ka riƙa sa zaki da raƙumin dawa. Ba na ce ka ce ka gan su ba. Rubuta sawu kawai, ai ka saba rubuta haka. Wa zai bi sawu ya tantance?"

"Ni."

"Kai kaɗai."

"To ai ni ne mai rubutawa."

"Ka saurare ni. In mutane ba su zo ba, rufe wurin nan za a yi, gwankin naka ma mafarauta su cinye. Taimakon dajin nake yi."

Wannan maganar ta ɗan taɓa shi, don ya san da gaskiya a cikinta. Ya juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Yallaɓai, ka rubuta musu gwanki. Ka rubuta musu gauraka da burtu da dorina. Ka ce su zo da rani, da sassafe, in ruwa ya janye dabbobi sun taru a tafki. Wallahi wanda ya zo a kan haka zai koma ya turo maƙwabcinsa."

"Ba wanda zai ɗebo 'ya'yansa ya yi tafiyar awa huɗu don burtu." Manaja ya rufe kwamfutarsa. "Ko allo ya bi littafi, ko ka ajiye alli da kaki. Ka yi shawara kafin Asabar."

Bai yi shawara da kowa ba. Ranar Asabar ya fita zagayensa kamar kullum. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, kowane sawu ya fito raɗau. Ya ƙirga gwanki takwas, ya ga inda dorina ta fito kiwo ta koma, ya auna mashigi da sandarsa. Da ya dawo ƙofa, tun daga nesa ya hango allon fari fat da rubutu. Ya sauka daga keke ya matso. Rubutu ne miƙaƙƙe, mai kyau, na wanda ya yi karatu mai zurfi. "Zaki 2, gindin dutse. Raƙumin dawa 5, fadama. Ku tambayi Baba."

Manaja na tsaye a barandar ofis da kofin shayi a hannu, yana kallon wani wuri dabam.

A gaban allon akwai wata tsohuwar ƙaramar mota, da mutum uku a jikinta. Maigidan makanike ne, hannunsa ya nuna, don baƙin mai ya zauna masa a ƙarƙashin farce. Matarsa na gyara ɗankwali a madubin mota. 'Yarsu, wadda ba za ta wuce shekara tara ba, ta rungume littafin nan a ƙirji, duk gefensa ya lanƙwashe don yawan buɗewa. Tana ganin Baba ta dubi bango, ta dube shi, ta daka tsalle.

"Abba, shi ne! Wallahi shi ne!" Ta rugo. "Kaka, ina kwana? Raƙuman dawan suna nan? Biyar aka rubuta. Da ƙarami a ciki?"

Baba ya dubi yarinyar. Ya dubi allon da ya yi shekara talatin da ɗaya bai ɗora masa ƙarya ba, ga shi an ɗora, har an sa sunansa a ƙasa. Da zai ce mata suna can ciki, sai an yi sa'a, da shi ke nan. A zaga, a dawo, a ce yau sun ɓuya. Haka sauran masu jagora suke yi.

"'Yata," ya ce, "ban gani ba."

Ya cire hular kakinsa, ya ninke ta, ya goge allon tun daga sama har ƙasa. Ƙurar alli ta tashi ta sauka masa a gira. Mai gadi ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa. Baba ya ciro nasa allin, ya rubuta da karkatattun haruffansa: "Gwanki 8. Dorina, sawu. Gauraka 2. Tafki akwai kada, kada yaro ya matsa. Mashigi iya cinya, ba a wucewa." Ya ja layi, ya ƙara a ƙasa: "Zaki, rabona da shi shekara 14. Raƙumin dawa, shekara 9."

Makaniken ne ya fara magana, kuma ba da sauƙi ba.

"Tsoho, wasa kake da mu? Wannan hotonka ne ko ba hotonka ba?"

"Hotona ne."

"Baba zai nuna muku su duka. Haka aka rubuta ko ƙarya na yi? Mako biyu yarinyar nan da littafin nan take kwana. Na rufe gareji ranar Asabar, ranar da aiki ya fi yawa. Tun asuba muke hanya, sau biyu ina sauka ina ɗaure salansa da waya. Sai mun iso za ka goge da hula ka ce ba ka gani ba?"

"Kana da gaskiya, ɗana."

"Gaskiyar me? Ni gaskiya na zo nema? Raƙumin dawa na zo nema!"

"Abban yara, sassauta, sa'an babanka ne," in ji matar.

"Babana ba ya sa hotonsa a kan ƙarya!"

Maganar ta soki Baba har ƙashi. Ya juya ya dubi baranda, ya ga manaja ya shige ciki ya bar kofin a kan dakali. Yarinyar ba ta yi kuka ba, leɓenta dai ke rawa. Wannan ya fi masa zagin ciwo.

"Kun riga kun zo," ya ce. "Ku ba ni awa uku. Abin da ke akwai zan nuna muku. In kun dawo ba ku gamsu ba, ka ƙara zagina, ba zan ce uffan ba."

Suka shiga motar, shi a gaba. Ya bi da su ta hanyar tudu, ya kauce wa mashigi. A wani fako ya ce a tsaya a kashe inji. Suka yi jim. Sai ga gwanki sun fito daga cikin itatuwan marke ɗaya bayan ɗaya, babban a gaba, ƙahonsa ya lanƙwasa baya, fuskarsa kamar an zana mata baƙi da fari. Yarinyar ta ƙirga a hankali har takwas, ta juya ta dubi Baba. Daidai da allo. Makaniken ya yi gyaran murya.

A bakin fadama ya nuna musu wata bishiyar ƙirya da laka ta bushe a jikinta, can sama da inda hannun makaniken ke kaiwa. Ya ce nan giwa ta sosa kafaɗarta bara. Ya ce in suna son ganinta su dawo bayan ruwa ya ɗauke, in ciyawa ta fara ja, amma ko a lokacin ba ya yi musu alkawari. Ya gaya musu watannin da daji ke rufewa da gamba, da watannin da zafi ke korar kowace dabba cikin inuwa tun hantsi, da watannin sanyi da ya kamata a zo wa yaro da rigar ɗumi.

"A nan an ce kowane wata," in ji yarinyar, tana nuna littafin.

"Wanda ya rubuta bai taɓa tura mota a cikin laka ba."

Suka hau dutsen da ƙafa. A saman akwai wani shimfiɗaɗɗen falalen dutse mai ramuka fiye da ashirin, sumul-sumul, kowanne kamar ƙwarya. Matar ta tambaya ko nan ne fadar sarakunan. Baba ya yi tsaki.

"Wane sarki ne zai hau nan da rawani? Talakawa ne, uwar ɗakina. Lokacin da mahara ke kama mutane, nan ƙauye guda ke gudowa su ɓuya a kogon can. Waɗannan ramukan mata ne suka yi su da niƙa, a durƙushe, shekara da shekaru. Kakar ubana a kogon nan aka haife ta. Su ne aka share aka sa sarakuna bakwai, don an ga niƙa ba ta da kwarjini."

Matar ta durƙusa ta sa tafin hannunta a cikin ɗaya daga ramukan, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Daga nan sama ana ganin dajin duka: ƙorama ta yi ja da ruwan sama, giginyu sun jera a bakinta, fadama kore shar, hadari na haɗuwa can gabas.

Da suka sauko tafkin tsamiya, yarinyar ta buɗe shafi na huɗu, ta fara kwance igiyar takalminta. Baba ya riƙe mata kafaɗa. Ya ɗauki hoge ya jefa kusa da wani gungume da ke kwance a bakin ruwa, taku goma daga inda suke. Gungumen ya buɗe baki, ya ja jiki, ya sulale cikin ruwa ba ko ƙara.

Matar ta fizgo 'yarta ta ƙanƙame. Da ta samu bakin magana, muryarta ta fi ta mijinta kaifi. "Nan aka ce yara su sa ƙafa? Nan? Abban yara, ka gani? Da ba da tsohon nan muka zo ba fa?"

Makaniken ya karɓi littafin daga hannun 'yarsa, ya karanta shafin da kansa, ya sake karantawa. Ya dubi ruwan. "Baba," ya ce, karo na farko da ya kira shi haka, "wa ya buga wannan abin?"

"Yana ofis."

Saura wuri guda. Ya kai su gindin wani gawo a ƙarshen fadama, ya share ganye da ƙafarsa. Ƙasusuwa ne farare, ya jera su da hannunsa tun shekara tara, duk damina yana dawowa ya gyara wanda ruwa ya gusar. Bakwai ne na wuya, kowanne ya kusa kai tsawon damtsen yarinyar.

"Ga raƙumin dawanki. Ita ce ta ƙarshe. Wannan kam na gani."

Yarinyar ta tsuguna ta shafa. Sai ta kwanta a ƙasa a gefen ƙasusuwan, ta miƙe sambal, ta ce uwarta ta duba wa ya fi tsawo. Wuyan ya fi ta nesa ba kusa ba. Ta tashi tana kakkaɓe riga, ta tambaya me ya kashe ta. Baba ya ce tsufa, da kuma zama ita kaɗai. Ta tambaya ina sauran suka tafi. Ya ce wasu tarko, wasu gatari ya cinye itatuwan da suke ci. Ya faɗi haka da ɗaci, kamar yanzu abin ya faru.

Da suka koma ƙofa makaniken bai ƙara zaginsa ba. Ofis ya nufa, matarsa a bayansa, kuma har bakin titi ana jin muryarta. Amma hakan bai hana komai ba. Kafin la'asar takarda ta fito: an gode wa Baba bisa doguwar hidima, an sallame shi ya je ya huta, kuma ba zai ƙara shiga gandun ba sai da izini. An riga an sauke allon an jingine a bayan ɗakin mai gadi, ana shirin kafa wani na ƙarfe mai hoton zaki.

Ya ajiye kaki da takalmi a kan tebur. Hular ma ya ajiye, fara fat da alli. Ya fita ya ɗauki allon.

"Baba, wannan kayan hukuma ne," in ji manaja daga taga.

"Murfin kabad ɗin matata ne. In kana musu ka zo ka tambaye ta, amma ban ba ka shawara ba."

Ya ɗaure shi a bayan keke ya tura har gida. Gidansa na bakin hanyar da ke zuwa gandun, kafin a kai mashigi na farko. Matarsa ta gan shi da rigar gida da rana tsaka, ta ga abin da ke bayan keken. Ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha.

"To, mako guda ya cika ke nan," ta ce. "An dawo mini da murfina."

"Ga shi nan. Kawo guduma in mayar miki."

Ta zaga allon, ta karanta rubutun safe da bai gama gogewa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da guduma da ƙusa huɗu, ta wuce shi ta nufi ƙofar gida.

"Ina za ki?"

"Na saba da labulena. Taso ka riƙe mini, bangon waje za a kafa shi. In na bar ka ba alli, ni za ka dinga ƙirgawa kana bin sawuna a tsakar gida."

A nan allon yake yanzu, yana fuskantar titi. Dabba ba ta san iyakar hukuma ba, tana ƙetare hanya ta bar sawu, mashigin farko kuma a waje yake. Don haka Baba bai daina fita da sassafe ba, sai dai zagayen ya gajarta. Ba kowace mota ke tsayawa ba. Da yawa sukan wuce da gudu, yara na ɗaga littafin ta taga suna nuna shi da yatsa, shi kuwa ya kau da kai yana ƙunƙuni. Wadda ta tsaya, yakan nemi littafinsu, ya ciro biro, ya buɗe shafi na huɗu ya rubuta "akwai kada" da manyan haruffa, ya danna har biron ya kusa huda takardar. Sannan ya juyo bango ya soke kalmar "duka".

Fushin bai sauka ba. An ce an sake buga wasu kwalaye, da fuskarsa a kai. In aka ambaci manaja sai ya tashi ya bar wurin. Kullum ƙarfe bakwai yana gaban allonsa yana rubuta zabin daji nawa, sawun gada nawa, ruwa ya kai ina. Layin ƙarshe kuwa ba ya sauyawa, kuma shi ne yake dannawa har allin ya karye: "Cikin gandu, ban gani ba."